Wainar da Na Tarar a Bakin Tekun Zanzibar

Shekara 19 ke nan ina girkin biki a Kaduna. Daga Unguwar Rimi inda muke zaune zuwa Kawo, daga Tudun Wada zuwa Barnawa, da wuya a samu unguwar da kulolina ba su shiga ba. A watan Janairun da ya wuce, mako biyu bayan mun kai autarmu ɗakin mijinta, babban ɗanmu ya shigo bayan magariba ya ajiye wata takarda a gabanmu. Ya ce, "Umma, ke da Abba za ku tafi Zanzibar ku huta kwana shida. Na biya komai, ko cokali ba za ki ɗauraye ba."

Na ce, "Wane irin komai?"

Ya ce ɗakin kwana, da ci, da sha, safe da rana da dare, har da ɗan abin taɓawa a tsakani, duk a kuɗi guda aka biya tun daga nan. Ya ce tsarin ya daɗe, tun 1950 wani ɗan Beljiyam mai suna Gérard Blitz ya fara shi da kamfanin Club Med a tsibirin Mayorka na Sifaniya, don mai hutu ya daina laluba aljihu duk sa'ad da yunwa ta taɓa shi. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai tun a daren nan tambaya ce irin ta mai sana'a: wa ke auna shinkafar mutanen da ba a san iyakar cinsu ba?

Mun hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, muka kwana Abuja, washegari jirgin sama ya ɗauke mu zuwa Addis Ababa, daga can muka canja wani ya sauke mu a filin jirgin Abeid Amani Karume. Mun baro Kaduna cikin hazo, leɓe na tsagewa, ƙafa na kaushi. Ana buɗe ƙofar jirgi a Zanzibar sai wata iska mai ɗumi da laima ta lulluɓe mu, kai ka ce murfin madambaci aka ɗaga. Mota ta yi kusan awa ɗaya da rabi da mu zuwa Nungwi, can ƙuryar arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, tafiyar da ta kusa kilomita 60. A hanya babu abin da nake gani sai bishiyoyin kwakwa da ayaba da mangwaro, da 'yan mata sanye da hijabi suna dawowa daga makaranta, da masallatai ƙanana a bakin titi. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, shi ya sa tun a mota hankalina ya ɗan kwanta.

A wurin karɓar baƙi aka miƙo mana tawul mai sanyi da ruwan tsamiya a kofi. Sannan wata yarinya ta ce in miƙo hannu, ta ɗaura mini wani awarwaron roba shuɗi, ta matse maɓallinsa yadda ba ya cirowa sai da almakashi. Shi ne shaidar cewa an biya. Duk inda ka nufa a cikin otal ɗin, hannunka ake kallo kafin fuskarka. Alhaji ya juya nasa ya sake juyawa, ya tambaye ta ko ruwan alwala zai shiga ƙarƙashinsa. Ta sassauta masa da ɗan yatsa har ya gamsu.

Daren farko, da muka shiga ɗakin cin abinci, sai da na tsaya cak a bakin ƙofa. Rumfa ce babba mai jinkar ganyen kwakwa, gefe ɗaya a buɗe yana kallon teku. Na ƙirga manyan kwanukan ƙarfen nan masu murfi da ake kunna wa wuta a ƙasa don kada abinci ya huce, irin waɗanda nake haya in an yi bikin manya, na kai 26 na bari. Ga teburin burodi kala-kala, ga na ganye da ba a dafa ba, ga wani saurayi da doguwar farar hula yana soya taliya a gabanka, ga wani yana yanka gasasshiyar cinyar rago, ga kayan zaƙi a jere kamar lefe. Kowa ya ɗauki faranti ya zuba da kansa, ya koma ya ƙara, babu mai ce masa ya isa.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ni da na saba ciyar da mutum 500 a wuni, na san aikin da ke bayan wannan jeren. Na san wani ya tashi tun kafin asuba yana feraye dankali, na san akwai mai tsayuwa a kan wanke-wanke har ƙafarsa ta kumbura. Tsabtarsu kuwa ta burge ni ƙwarai. Kwano bai kai rabi sai an ɗauke an kawo sabo, kowane abinci da nasa cokalin, kuma na ga wani babba a cikinsu yana zagayawa da ɗan ƙarfen auna zafi yana tsoma shi a miya yana rubutawa a takarda. Wannan na ɗauka na sa a aljihu, don mu a nan da tafin hannu muke gwada kula.

Amma da na zauna na kai loma, sai na ji abincin salam. Ba wai bai dahu ba ne, ya dahu sarai, naman ma ya yi laushi. Gishiri ne bai ji ba, yaji babu ko alama, miya ba ta da uwa. Na ɗanɗana na wannan kwano, na ɗanɗana na wancan, duk kamar daga tukunya ɗaya aka kwaso. Daga baya na gane dalili, kuma ban ga laifin masu girkin ba. A teburin damanmu 'yan Italiya ne, a na hagu 'yan Jamus, can gaba wasu 'yan Folan da yaransu. Wanda aka ce ya dafa wa duniya gaba ɗaya a tukunya guda, dole ya janye hannunsa daga barkono. Allah Ya sa na zo da kwalbar yajina a jaka, wanda na daka da kaina da citta da kanumfari da masoro da ƙuli. Na barbaɗa wa Alhaji a kan ragon. Ya ci, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, yanzu na san na iso."

Washegari da safe na gamu da abin da ya tayar mini da hankali. A can ƙarshen jeren karin kumallo akwai kwano biyu dab da juna, ɗaya na naman shanu da aka ɗura a hanji, ɗaya na naman alade, kowanne da ɗan katin sunansa. Ina tsaye wani baƙo ya ɗauki matsefin wannan ya ɗebi wancan, ya mayar da shi inda ya ga dama. Bai yi da mugunta ba, shi a wurinsa nama nama ne. Ni kuwa cikina ya juya, na ajiye farantin na koma na zauna da shayi kawai. Ban iya yin shiru ba. Na sa aka kira mini shugaban masu girki, wani dattijo ɗan tsibirin mai tabon sallah a goshi. Na yi masa sallama, ya amsa cikakkiya, na faɗa masa abin da na gani. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya ce naman da suke saye yankan Musulmi ne, na aladen kuma daga waje ake kawo shi saboda baƙi, da kaskonsa daban da mai soya shi daban. Ya ce amma abin da na gani gaskiya ne, kuma bai kamata ba. Kafin mu tashi an ɗauke kwanon an kai shi wani tebur shi kaɗai can nesa, kuma a nan ya zauna har muka bar wurin.

Shi ne kuma ya ja kunnena kan abin da ban yi tunani ba. Ya ce in kula da kayan zaƙi da miyar Turawa, don akwai waɗanda ake zuba wa giya a ciki, kuma ba kullum katin ke faɗa ba. Ya nuna mini wani kek mai laushi ruwan ƙasa da wata miyar naman shanu mai duhu, ya ce waɗannan in bar su. Tun daga ranar, duk dare in na shigo sai ya zagaya da ni ya nuna da ɗan yatsa, wannan ci, wannan bari. Duk wanda zai je irin wurin nan daga gida, ina roƙonsa ya cire kunya ya tambaya. Kuɗin da aka biya ya haɗa har da giyar da ake zuba wa duk mai so daga hantsi har tsakar dare, kuma mu da ba ma sha mun biya daidai da masu sha. Wannan ya tsaya wa Alhaji a rai, ya faɗa ya fi sau uku. Mu dai muka rama da ruwan kwakwa ɗanye da ake sare kanta a gabanka, da ruwan mangwaro, da na abarba, da na wani ɗan itace mai tsami da ƙwayoyi baƙaƙe a ciki wanda ƙamshinsa ke tashi tun kafin ka kai baki.

Kifi ne ya fara sasanta ni da wurin. Mu a Kaduna abin da muka sani tarwaɗa ce da karfasa, sai na ƙanƙara da ake sarawa da adda a kasuwa, wanda sai ka wanke da lemon tsami sau uku kafin ƙarninsa ya kwanta. Bayan sallar asuba ta rana ta biyu, da kiran sallar ƙauyen ya tashe mu, muka taka bakin ruwa muka bi yashi har inda masunta ke sauka. Yashin fari fat, laushi kamar garin tuwo da aka tankaɗe. Jiragen katako masu filafilai suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan gefe muka ga masassaƙa suna haɗa wani sabo, don Nungwi ta yi suna wajen sassaƙa su. Ana zube kifi a ƙasa ana ciniki da ɗaga murya, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Na ga kifin da ya kai tsawon yaro ɗan shekara bakwai, suna ce masa jodari, namansa ja kamar na sa. Na sunkuya na shinshina wani dogo mai sheƙi da suke kira nguru. Babu ƙarni ko kaɗan, sai warin gishirin teku.

Da rana sai ga irinsa a kan gawayi a rumfar bakin ruwa. Gishiri, tafarnuwa, lemon tsami, shi ke nan abin da aka sa masa. Tsokar tana ɓarewa fala-fala, fara sol, mai gardi. A wannan ban ko buɗe kwalbar yajina ba.

Akwai kuma wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira pweza. Da na gan ta a kwano an yayyanka an dafa da madarar kwakwa, na ja baya. Alhaji ya tuna mini cewa a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ya karanto ayar Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku da abincinsa, ya ce mutanen nan ma, da yawancinsu Shafi'iyya ne, a kan haka suke. Na yi bismilla na ɗauki yanki ɗaya. Taushinta kamar ganda da ta sha wuta, miyar kuwa ta ratsa ta har ciki. Na ƙara. Ƙaguwa da jatan lande ma na ci, amma manyan nan masu ɓawo da ake nuna maka da rai a cikin ruwa ba sa cikin kuɗin da aka biya, sai ka ƙara wani. Ashe "komai" ɗin ma yana da iyaka. Muka bar su.

Dare na uku shi ne wanda ba zan manta ba. Sun ce daren abincin Sawahili ne, sau ɗaya ake yinsa a mako. Aka fito da tebura kan yashi, aka kunna fitilun ƙwai, aka jera tukwanen ƙasa maimakon kwanukan ƙarfe. Tun daga nesa hancina ya gaya mini yau an saki hannun masu girki. Ga shinkafar da suke kira pilau, launin ƙasa-ƙasa, kanumfari da kirfa da masoro a cikinta ƙwaya-ƙwaya ba a niƙa ba. Ga wata farar shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa maimakon ruwa. Ga ugali, wanda tuwon masara ne sak, sai dai ya fi namu tauri. Ga tsire ƙanana da suke kira mishkaki, ga ganyen rogo da aka daka aka dafa da kwakwa. Wata mata na zaune a kan wata 'yar kujerar katako mai haƙoran ƙarfe a gaba tana kankare kwakwa, farin gari na zuba a kwano. Na tambayi sunan kujerar aka ce mbuzi, wai akuya ke nan da harshensu.

Can a ƙarshen layi, inda hasken fitila bai kai sosai ba, na hango wata dattijuwa ta ɗaura zane biyu iri ɗaya, ɗaya a ƙugu ɗaya a ka. A gabanta murhun gawayi ne, a kan murhun kuma tanda. Tanda dai irin tamu, mai gurabe, ta yi baƙi don daɗewa. Ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta ɗebo farin ƙullu da ludayi ta zuba, ta jira gefen ya kama, ta sa ɗan tsinke ta juya. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na tsallake ƙasashe na zo tsakiyar tekun Indiya, ga waina ana toyawa yadda kakata take toyawa a Zariya.

Na matsa na durƙusa a gefenta na ce, "Salamu alaikum, Mama." Ta amsa tana murmushi, ta ce, "Karibu." Na nuna tandar na ce, "Waina." Ta girgiza kai ta ce, "Vitumbua." Ta ciro ɗaya ta ɗora mini a tafin hannu da zafinsa. Na ɓara. Cikin fari ne mai ƙofofi kamar saƙar zuma, alamar ƙullun ya tashi yadda ya kamata, bayan kuma ya yi ja yana ƙaras-ƙaras. Da na kai baki sai na ji inda muka rabu. Babu albasa, babu ɗan tsamin nan namu. Zaƙi ne a hankali, da maiƙon kwakwa, da ƙamshin hiliki, wato koren ƙwayar nan da ake jefawa a gahawar Larabawa. Na ci huɗu a durƙushe a wurin, Alhaji na can tebur yana nemana.

Ba ta jin Turanci sai kaɗan, ni kuma ba na jin Sawahili, amma mun yi hira. Abin mamaki, kalmomi suka riƙa haɗa mu. Ta ce sukari, na ce sukari. Ta ce chai, na ce shayi. Sabuni, sabulu. Habari, labari. Alhamisi, Alhamis. Larabci ya bi ta teku ya same su, ya bi ta Sahara ya same mu. Da zan tashi ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce, "Saa moja asubuhi." Asubar na gane, ƙarfe ɗayan ne ya ɗaure mini kai, sai wani yaro mai kai abinci ya warware mini: su daga fitowar rana suke fara ƙirgen awa, saboda haka ƙarfe ɗayansu na safe shi ne bakwai.

Bakwai daidai ina wurin. Ba a barin baƙo ya shiga madafa, amma da safe tana da ɗan lungunta a rumfar inda take toya wa masu karin kumallo, kuma yawancin baƙin wucewa suke yi su nufi burodi. Na tsaya kusa da ita kwana uku a jere. Ta nuna mini shinkafar da ta jiƙa tun dare, ta nuna yadda ake niƙa ta da madarar kwakwa mai kauri maimakon ruwa, a sa yis da sukari da dakakken hiliki, a rufe a ajiye wuri mai ɗumi har ya kumbura. Ta ɗaga ludayi ta tsiyayar don in ga kaurin, ya fi namu ɗan ruwa kaɗan. Ni kuma na kwatanta mata namu, yadda muke zuba dafaffiyar shinkafa a cikin ƙullun, da albasa, da yadda muke ci da miyar taushe. Da ta ji ana cin vitumbua da miyar kabewa da nama sai ta riƙe baki. Rana ta biyu ta miƙo mini tsinken. Na juya guda bakwai ba tare da ko ɗaya ya fashe ba, ta tafa hannu ta kira abokan aikinta su zo su gani. Na ba ta yajina ta lasa, ta rufe ido, ta ce, "Tangawizi." Citta ke nan. Na gaya mata cittar daga Kachia take, a kudancin jiharmu, inda ake noma ta fiye da ko'ina a Nijeriya, kuma zafinta ya fi wadda na ɗanɗana a shayinsu.

Akwai abin da ya riƙa ci mini rai duk tsawon zaman, kuma ba zan ɓoye shi ba. Almubazzaranci. Idan mutum ya san ya riga ya biya, idonsa ne ke zuba abinci, ba cikinsa ba. Na ga an cika faranti da kifi da nama da taliya da kek a haɗe, an ci loma uku an ture, an tashi an ɗauko sabo. Na ga yaro ya ɗebo kankana yanka takwas ya gatsi ɗaya. Yaran da ke kwashe kwanuka suna tattarawa ba sa cewa komai, fuskarsu ba ta nuna komai. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ina ake kai wa. Ya ce abin da ya taɓa farantin baƙo sai shara. A gidan biki a Kaduna ko ƙanzo ba ya kwana. Akwai maƙwabta, akwai masu wanke-wanke, akwai almajirai da robobinsu a bakin ƙofa, akwai mai kaji da ke zuwa kwasar saura. A nan kuwa katanga ce doguwa da mai gadi, kuma a bayan katangar na ga mata da jarkoki suna layin ruwa. Ni ma daren farko na zuba abin da ya fi ƙarfina, kuma na ji nauyin hakan. Daga ranar muka koma ɗaukar ƙaramin faranti, in bai isa ba mu ƙara. "Ku ci ku sha kada ku yi ɓarna" aya ce da na haddace tun ina allo, amma ban taɓa jin ta a jikina kamar a rumfar nan ba.

Rana ta biyar na ce wa Alhaji mu shiga gari. Ya ce, "Hajiya, yaron nan ya biya abincin rana da na dare, mu tafi mu bar shi mu sayi wani?" Maganarsa gaskiya ce, kuma ita ce igiyar da awarwaron nan ke ɗaure mutum da ita. Babu wanda ya hana ka fita, lissafi ne ke hana ka. Direban da ya ɗauke mu ma ya taɓo zancen da kansa. Ya ce ƙanwarsa na da ɗan shagon abinci a ƙauyen, baƙi na wucewa ta ƙofarta da awarwaro a hannu, su ɗauki hoto su koma ciki su ci.

Mun isa tsohon birnin da suke kira Mji Mkongwe, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lunguna ne matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa, kamar ka shiga cikin birnin Zariya a ce an ɗora wa gidajen bene. A kasuwar Darajani na sayi hiliki da kirfa da kanumfari. Mai shagon ya ce yawancin kanumfarin yanzu daga tsibirin Pemba yake zuwa. Sarki Sayyid Sa'id na Oman, wanda ya dawo da fadarsa nan daga Maskat a 1840, shi ya bazu da noman sa, kuma da gumin bayi aka yi gonakin. Mun tsaya a inda kasuwar bayin take kafin a rufe ta a 1873, yanzu coci ne a wurin, akwai kuma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake cewa a nan ake tsare su. Na shiga ɗaya, rufin ya kusa taɓa kaina. Na fito da ƙullin kanumfari a hannu ina jin nauyinsa daban.

Da la'asar sakaliya muka gangara lambun Forodhani a bakin ruwa, gaban tsohuwar ganuwa. Rana na faɗuwa masu abinci suka fara kafa tebura suna hura gawayi, samari na tsalle daga kan katanga suna faɗawa teku. A nan na sha urojo, wani romo mai kauri ruwan ɗorawa saboda kurkum, mai ɗan tsami, an zuba masa dankali da soyayyen rogo da barkono da wasu 'yan dunƙule da suke kira bajia. Na gutsiri bajiar na dubi Alhaji, shi ma ya dube ni. Ƙosai ne, na wake, ba ragi ba ƙari. Muka sha ruwan rake da aka matse a gabanmu tare da citta da lemon tsami. Wata yarinya ta sayar mini da ubuyu, ashe 'ya'yan kuka ne aka dafa da sukari aka rina su ja. A tsaye muka ci, a kwanon roba, hayaƙi na shiga ido, mutanen gari na ture mu muna ture su, kowa na cewa karibu. Alhaji da ya yi ta lissafi da safe shi ne ya ce a ƙaro urojo.

Ranar tafiya na je lungun dattijuwar tun kafin a buɗe rumfa. Na ba ta sauran yajin da kwalbarsa, da turmin atamfa ɗaya da na zo da shi ban ɗinka ba. Alhaji kuma ya bi yaran da suka yi mana hidima ɗaya bayan ɗaya ya sa musu ɗan ihsani a hannu, don a wurin da ba a fito da kuɗi a tebur, sauƙin mantawa da su ake yi. Ta ƙulle mini vitumbua goma a takarda, ta riƙe hannuna biyu ta yi addu'a mai tsawo. Ban ji kalmomin ba sai amin, da salama, da sunan Allah. A wurin karɓar baƙi yarinyar nan ta sa almakashi ta datse awarwaron, ya bar farin zobe a inda rana ba ta taɓa ba.

Mako guda da dawowarmu na shiga kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na sayo kwakwa shida. Ba ni da akuyar katako, da magogi na goge, na matse madarar a ƙyallen tata. Zubin farko ya yi ruwa, ya kama tanda. Na biyu na rage madarar na ƙara masa lokacin tashi, ya fito da ƙofofinsa. Na aika wa surukata Hajiya Babba a Kawo da guda goma sha biyu a kula. Da yamma ta kira ni ta ce, "'Yar nan, wainar wace gari ce wannan, ba ta neman miya?" Na ce ta Zanzibar ce. Ta ce to walimar saukar jikanta ranar Asabar, a yi mata ɗari biyu. Hilikin da na sayo a Darajani saura rabin kwalba, na auna na ga zai kai.